Ruwa ya yi feshi ranar haƙa: wannan ya isa a ce gari ya samu ruwa?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure. Ina cikin kwamitin ruwa na wani ƙaramin gari, mutanenmu sun kai 10,000. An haƙa mana rijiyoyin burtsatse guda 3, kuma kowacce ranar da aka gama ta ruwa ya yi ta feshi sama, jama'a na murna. Yanzu ana so a ɗora tanki a ja bututu zuwa unguwanni. Ɗan kwangila ya ce ruwan ya fi ƙarfinmu, wato ya ishe mu har ya yi yawa. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don bai ba mu takarda ko ɗaya mai ɗauke da lissafi ba. Ta yaya ake auna ruwan da ido ba ya gani?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Gara da ka yi tambayar kafin a zuba kankaren tanki. Feshin da kuka gani iskar kwampreso ce ke turo shi, ana hura ta cikin rami don a fito da ƙasa a wanke rijiyar. Ya nuna an taɓa ruwa, wannan gaskiya ne. Amma bai gaya muku lita nawa rijiyar za ta iya bayarwa kullum ba, a tsakiyar rani, shekara bayan shekara.

Mu fara da buƙatarku. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar lita 20 ga mutum a rana a matsayin ƙaramin abin da za a lallaɓa da shi, lita 50 kuma idan famfo na kusa da gida ana wanka da wanki yadda ya kamata. Tunda bututu za ku ja, ku yi lissafi da 50. Mutum 10,000 ke nan lita 500,000 a rana, ban da makaranta da asibiti da dabbobi da abin da zai zube a hanya. To a ce kowace rijiya na ba da lita 2 a sakan ɗaya. A awa ɗaya lita 7,200. A awa 10 lita 72,000. Guda 3 sun ba da 216,000, ko rabin buƙatar bai kai ba. Kuma lita 2 a sakan ba ƙaramar rijiya ba ce a ƙasa mai dutse. Famfon tuƙa-tuƙa abin da yake ja bai wuce lita 0.3 a sakan ba, shi ya sa rijiyar da ta shekara tana wadatar da unguwa da tuƙa-tuƙa take ƙafewa cikin minti kaɗan ranar da aka zura mata sumo, wato famfon lantarki da ake saukarwa cikin rijiya.

Baba Mai Haƙa:
Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma kada a maida mu marasa ido. Na daɗe ina wannan sana'a. Mai haƙa na ƙwarai tun yana kan inji ya san abin da ya samu. Muna tara ruwan da iska ta turo a kwata ɗaya, mu sa bokiti mai lita 20, mu duba agogo. Ya cika a sakan 10, lita 2 ke nan a sakan. Wannan ba awo ba ne?

Injiniya:
Awo ne, Baba, kuma ina girmama shi. Da ɗan kwangilarsu ya rubuta musu ko wannan, da sun samu madafa. Inda na tsaya shi ne tsawon lokacin. Bututun rijiya mai faɗin inci 6 yana riƙe kusan lita 18 a kowace mita. Idan ruwa ya tsaya mita 40 a cikinsa, akwai sama da lita 700 a ajiye tun kafin ƙasa ta ba da ɗigo ɗaya. Ka ja lita 1 a sakan, za ka yi minti 12 kana shan ajiyar bututu kawai. Sai bayan nan ake fara jin ta bakin ƙasa. Kuma ƙasar ma takan yi kyauta a awannin farko, daga tsagar dutsen da ke kusa, sannan ta tsuke hannu.

Ɗalibar Kimiyya:
Injiniya don Allah a ɗan koma baya saboda irinmu. Ni a tunanina akwai kogi ne a ƙarƙashin ƙasa, idan an dace an faɗa kansa shi ke nan.

Injiniya:
Ƙanwata, irin wannan kogin sai a wuraren dutsen farar ƙasa da ruwa ya narkar ya yi kogo. A mafi yawan wurare ruwa na zaune ne cikin ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse, kamar ruwa a jikin soso. Tafiyarsa a hankali take, sau da yawa ƙasa da mita ɗaya a rana. Wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, wanda ya yi aikin kai ruwa birnin Dijon, shi ya bayyana ƙa'idar a 1856 bayan ya yi ta zuba ruwa ta cikin bututun da ya cika da yashi: yawan ruwan da ke wucewa ya danganta da gangaren matsin ruwan da kuma yadda ƙasar ke barinsa ya ratsa. Yumɓu na riƙe ruwa da yawa amma ba ya saki. Tsakuwa na saki nan take. Saboda haka tambayoyi biyu ne daban: nawa ne a ajiye, kuma da wane sauri yake isowa bakin rijiya.

Sakataren Kwamiti:
Na fahimta. To a aikace me za mu ce a yi mana? Ina so in je taron kwamiti da magana a hannu.

Injiniya:
Ku nemi gwajin jan ruwa, kowace rijiya da nata. Bari in faɗi yadda yake a fili, don ku iya tsayawa a kai da kanku, kada a kawo muku takardar da aka cika a ɗaki.

Kafin a kunna komai, a bar rijiyar ta huta aƙalla kwana ɗaya, a auna zurfin fuskar ruwa. Abin awon tef ne mai waya biyu a jiki da ƙarfe a baki. Ana zura shi a hankali, da ya taɓa ruwa sai ya yi ƙara, ka danne tef ɗin da babban yatsa a bakin bututu ka karanta. A yi alama da fenti a gefe ɗaya na bakin bututun, kowa daga nan zai riƙa karantawa, in ba haka ba santimita biyar na wannan da na wancan za su ɓata lissafin.

Sai gwajin mataki-mataki. A ja ruwa kaɗan na awa ɗaya, a ƙara na awa ɗaya, a sake ƙarawa, har sau huɗu, ana rubuta yadda ruwan ke sauka. Akwai matakin da za ka ga an ƙara ja kaɗan amma ruwa ya zurma da yawa. Nan ne rijiyar ta ce ta gaji, kuma da shi ake zaɓen ƙarfin da za a yi babban gwaji.

Babban gwajin shi ne a ja ruwa da ƙarfi ɗaya ba canji, awa 24 aƙalla, kuma ga rijiyar da gari zai dogara da ita ni awa 72 nake nema. A minti 10 na farko ana karanta tef kowane minti, don a lokacin ruwa ke sauka da gudu. Daga baya kowane minti 5, sai rabin awa, sai awa-awa har dare har asuba. Mutum biyu ake so, ɗaya na kan tef ɗaya na kan littafi da agogo. A riƙa duba bokiti a tabbatar ƙarfin jan bai sauya ba. Ruwan da ake fitarwa kuma a kai shi nesa da dogon tiyo, can gangare, don idan aka zubar a gindin rijiya zai iya nutsewa ya dawo, a yi ta auna ruwa ɗaya sau biyu ana murna.

Da an kashe famfo aiki bai ƙare ba, a nan ne ma mutane suka fi sakaci. A koma karatun minti-minti ana kallon yadda ruwan ke hawowa. Rijiyar da aka ja ta awa 24 ta dawo kusa da inda take cikin 'yan awanni, lafiya lau. Wadda aka kwana aka wuni ba ta dawo ba, ajiya kuka ci, kuma abin da ke shigowa bai kai abin da kuka cire ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Su waɗannan lambobi da aka tara, me ake yi da su? Ko dai a duba na ƙarshe kawai?

Injiniya:
A'a, siffar saukar ita ce labarin. A 1935 Charles Theis a Amurka ya fitar da lissafin yadda ruwa ke sauka da wucewar lokaci, ya aro shi daga yadda zafi ke ratsa abu. A 1946 Cooper da Jacob suka sauƙaƙa shi: idan ka zana saukar ruwa a takardar da lokaci ke tafiya ninki goma-goma, wato minti 1, 10, 100, 1,000, ɗigogin kan jeru a miƙaƙƙen layi. Sai ka miƙa layin gaba zuwa tsawon watannin da ba a ruwan sama, ka ga ko ruwa zai sauka har bakin famfo.

Abin da nake zuba wa ido shi ne inda layin ya karye. Idan ya kwanta ya daina sauka, rijiyar ta samu mai ciyar da ita, wataƙila kogi ko fadama a kusa. Idan kuwa ya karye ya yi ƙasa da sauri, to an kai bangon dutse ko tsagar da ke ba da ruwa ta fara bushewa. Irin wannan karyewar takan ɓoye sai a awa ta 30 ko ta 40. Gwajin awa 6 ba zai taɓa ganinta ba, kuma ita ce ke kashe rijiya bayan an gama biki.

Wani abu kuma, Malam Sakatare: yayin da ake jan ɗaya, a riƙa auna sauran biyun. Idan ana jan ta farko ruwan ta biyu na sauka, daga wuri ɗaya suke sha, ba za ku tara ƙarfinsu ku ce uku ba.

Baba Mai Haƙa:
Duk na ji, kuma ban musa ba. Amma bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Wa ke biyan awa 72 ɗin? Man janareta, hayar famfo, mutanen da za su kwana a daji. Idan aka zo rage kuɗin aiki, layin gwaji ake fara sokewa, kuma masu aikin ne da kansu ke sokewa. Na biyu, yawancin yarjejeniya cewa take in babu ruwa babu biya. Mutum ya ƙona mai, ya cinye haƙoran inji a dutse, ya samu ruwa ɗan kaɗan. Kana tsammanin zai zo ya ce muku kaɗan ne? Zai ce ya fi ƙarfinku. Ba ina kare ƙarya ba ne, ina nuna muku inda ake haifarta. Ku biya mutum aikin da ya yi bisa mita, ku sa wani daban wanda ba shi da riba a ciki ya yi gwajin, za ku ji gaskiya.

Kuma Sakatare, ɗana, ka koma wurin wanda ya haƙa ka nemi littafin haƙa. A mita nawa aka fara taɓa ruwa, a ina aka ƙara samu, wace irin ƙasa ta fito a kowane mataki, a ina aka sa bututu mai tsaga, an zuba tsakuwa ko ba a zuba ba, an toshe saman da siminti mita nawa. Mai aikin kirki yana jera ƙasar kowace mita a ƙasa, tuli-tuli a layi, kowa ya gani: ja, sai fari-fari mai laushi, sai ruɓaɓɓen dutse, sai baƙi mai ƙarfi. Idan ba ku san inda tsagar dutsen da ke ba da ruwa take ba, ba ku san inda za a rataye sumo ba.

Injiniya:
Baba, wannan magana ta fi tawa nauyi. Wanda ya haƙa kada ya zama shi ke ba kansa maki. Kuma batun littafin haƙa haka yake: ƙa'idata ita ce kada ruwa ya sauka ƙasa da babbar tsagar da ke ciyar da rijiyar, kuma ba na ba da shawarar a ja duk abin da gwaji ya nuna, sai a bar rata saboda shekarar fari.

Malamar Lafiya:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu ana maganar yawa, ba wanda ya ce a sha ko kada a sha. Ni nan ne abin ke ci mini rai, domin mu ake kawo wa yaran.

Ruwa garau ba shaida ba ce. A Bangladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyi tun daga shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa, niyya mai kyau. Ba a gwada sinadarin asenik ba. Sai a shekarun 1990 aka tabbatar yana cikin ruwan, bayan miliyoyin mutane sun shekara suna sha. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa maikurogiram 10 ne a lita. Fuloraid kuma miligiram 1.5 a lita, idan ya haura haƙoran yara su yi dabbare-dabbare, in ya yi yawa sosai ƙashi ya lalace, kamar yadda ake gani a sassan Habasha da Kenya da Tanzaniya. Naitiret miligiram 50 a lita, yana zuwa daga masai da taki, jarirai ya fi yi wa illa. Ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya ba a yarda a samu a mililita 100 ba.

Kada a ce wannan matsalar matalauta ce. Walkerton ƙaramin gari ne a Kanada. A watan Mayu na 2000, bayan ruwan sama mai yawa, kashin shanu daga wata gona ya shiga ɗaya daga rijiyoyin garin, marar zurfi. Mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kwanta. Malam Sakatare, a ɗebi ruwan gwaji dab da ƙarshen awa 72 ɗin, lokacin ne ainihin ruwan ƙasa ke fitowa. Na ƙwayoyin cuta a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a sa a ƙanƙara, ya isa a ranar. A sake ɗiba a tsakiyar damina, don a lokacin ƙazanta ke samun hanya. Ku kuma zaga da ƙafa ku ga me ke sama da rijiyar ta wajen tudu. An saba cewa masai ya yi nisan mita 30, amma a dutse mai tsaga wannan ba tabbas ba ne.

Wani Ɗan Uwa:
Ni fa ina ganin an tsawaita. Yanzu akwai na'urar da ake kafa ƙarafa a ƙasa ta nuna ruwa a kwamfuta, har tauraron ɗan adam ma an ce yana gani. Me ya sa za a kwana ana zura tef?

Injiniya:
Ɗan uwa, na'urar ba ta ganin ruwa. Ƙarafa huɗu ake kafawa, biyu na tura wutar lantarki, biyu na auna yadda ƙasa ke tare ta, dabarar da Schlumberger a Faransa da Wenner a Amurka suka fara tun farkon ƙarni na 20. Ƙasa mai jiƙa na barin wuta ta wuce, amma yumɓu ma haka, ruwan gishiri ma haka. Amfaninta ta nuna inda ya fi dacewa a haƙa, kuma tana da amfani ƙwarai. Lita nawa za a samu, ba ta sani ba. Taurarin ɗan adam na GRACE da aka harba a 2002 sun yi ta auna sauyin nauyin ruwa har zuwa 2017, da su aka nuna yadda ruwan ƙasa ke raguwa a arewa maso yammacin Indiya, amma faɗin abin da suke gani ɗaruruwan kilomita ne. Ƙaramin gari ko ɗigo bai kai ba a wurinsu.

Ɗalibar Kimiyya:
To a ce gwaji ya yi kyau, ruwa ya yi tsabta. Me zai tabbatar ba zai ƙare ba nan da shekara 15?

Injiniya:
Wannan ce tambayar da gwajin kwana uku ba ya amsawa. Gwaji na auna rijiya. Abin da sama ke mayarwa ƙasa kowace shekara sai an bi shi da haƙuri. Ga lissafin: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ne. A misali a ce ana samun ruwan sama milimita 800, kashi 5 cikin 100 ne ke nutsewa har ƙasa, milimita 40 ke nan, lita miliyan 40 a kowane murabba'in kilomita. Garin Malam Sakatare na son lita miliyan 182 da rabi a shekara. Yana buƙatar abin da ke sauka a kan fiye da murabba'in kilomita 4 da rabi, kuma da sharaɗin babu masu noman rani ko wani gari da ke sha daga nan. Ga kuma ƙaruwar jama'a: garin da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara zai ninka cikin kamar shekara 24.

Wannan kashi 5 ɗin misali na bayar, kowane wuri da nasa, kuma hanyar saninsa ita ce a ga mita nawa fuskar ruwa ke hawa a damina. Akwai wuraren da kusan babu mayarwa sam, kamar ruwan da ke ƙarƙashin hamadar Libiya da Masar, wanda ya taru dubban shekaru da suka wuce lokacin da yankin ke da damshi. Birnin Mexico kuwa ya ja ruwan ƙarƙashinsa har ƙasa ta lotsa mitoci a wasu unguwanni.

Sakataren Kwamiti:
Wato ko bayan an ɗora tanki ba a daina awo ba ke nan. Wa zai riƙa yi? Ba mu da injiniya a garin.

Malamar Lafiya:
Ba sai injiniya ba, Malam. Mu ma ba likita ke auna nauyin jarirai kowane wata ba. Mai kula da famfo ya isa, in an koya masa kuma an ba shi haƙƙinsa a kan lokaci.

Baba Mai Haƙa:
Sai dai ku tuna tun yanzu, kafin a zura sumo, a ɗaura siririn bututun roba a jikin bututun famfo, ya sauka tare da shi, bakinsa a sama da murfi. Ta nan tef zai riƙa bi. Idan babu shi tef zai naɗe da wayar wuta ya maƙale, daga ranar an daina awo. Rijiyoyi da yawa na gani an rufe kansu ruf da walda, ba ta inda allura za ta shiga.

Injiniya:
Haka ne, Baba. A ƙara da mitar ruwa a bakin kowace rijiya. Littafi ɗaya mai layi huɗu: kwanan wata, zurfin ruwa da asuba kafin a kunna, zurfinsa dab da a kashe, da abin da mita ta nuna. Sau ɗaya a mako ya wadatar, amma rana ɗaya lokaci ɗaya. Idan da wata tsohuwar rijiya a kusa da ba a jan ta, a haɗa da ita, don ita ce ke nuna halin ƙasa ba tare da hayaniyar famfo ba.

Karanta shi ma ba wuya. Idan awon asuba na nan daram amma na lokacin ja ke ƙara zurfi, rijiyar ce ke toshewa, wanki take so. Idan kuwa awon asuba na ƙarshen rani ke ƙara zurfi bana fiye da bara, bara fiye da bara waccan, to ana cire fiye da abin da ke shigowa, sai a rage awannin ja a fara neman wani wuri tun famfo bai fara shan iska ba. Malam Sakatare, kwafin littafin haƙa da na gwaji da sakamakon ɗakin gwaji su zauna a hannun kwamiti, a kuma aika wa hukumar ruwa ta yankinku. Girman tanki da faɗin bututu da ƙarfin sumo duk daga waɗannan takardu za a fitar da su, saboda haka a dakatar da sayen kaya sai an gama gwajin.

Baba Mai Haƙa:
Kuma in da hali a yi gwajin a ƙarshen rani, kafin ruwan farko ya sauka. Abin da rijiya ta bayar a lokacin shi za ku rubuta a matsayin ƙarfinta.